Mai Ɗauke da Ƙwayar Cuta da Wanda Cuta Ta Kama: Gwajin Tsofaffi a Asibitocin Garwa da Arewacin Kamaru

Gabatarwa

Bahaushe yakan ce "cuta ta kama wane", ko "wane ya kamu da cuta", ko "wane ya ɗauki cuta a wurin wane". Duk maganganun nan uku abu guda suke nufi, wato mutum ba shi da lafiya, jikinsa kuma ya nuna. Akwai wani hali dabam wanda Hausar yau da kullum ba ta tanadar masa kalma ba, domin ba a san da shi ba sai bayan da aka sami madubin likita da ɗakin gwaje-gwaje. Shi ne halin mutumin da ƙwayar cuta take zaune a hancinsa ko maƙogwaronsa ko hanjinsa ko mafitsararsa, amma shi lafiyarsa lau, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa. Masu fassarar labarai a gidajen rediyo sukan kira shi "mai ɗauke da ƙwayar cuta". Haka za a kira shi a wannan takarda, don a bambanta shi da "wanda cuta ta kama".

Ita ma kalmar "ƙwayar cuta" tana buƙatar bayani. Hausa ta tara halittu iri-iri a ƙarƙashinta: da mai kawo zazzaɓin cizon sauro, da mai kawo ƙyanda, da mai kawo tarin fuka, alhali kuwa ba dangin juna ba ne. A nan ana magana ne a kan iri ɗaya, wanda ake kira bakteriya, wanda magungunan antibayotik suke kashewa. Sunan ma bai yi musu adalci ba. Wani lissafi da aka buga a 2016 ya nuna cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, yawancinsu a babban hanji, kuma mafi yawansu ba su cutar da kowa. Ke nan kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyi. Abin da likita yake son sani shi ne wace ƙwaya ce, a wane wuri take, kuma a jikin wa.

Za a duba wannan batu ne dangane da tsofaffin da ake kwantarwa a asibiti a Garwa, babban birnin lardin Arewa na Kamaru, wanda ke bakin kogin Binuwai, kogin da ya gangara ya bi ta Yola. Fillanci ne harshen kasuwa a can, Faransanci kuma harshen takardar asibiti, amma Hausawa sun daɗe a garin, har akwai unguwa mai suna Hausare. Tsohon da aka kawo asibiti yakan ji sakamakon gwajinsa ne ta bakin ɗa ko jika, bayan an juya masa maganar daga Faransanci. Kalmar da ta fi ɓacewa a hanya ita ce "positif". Takarda tana cewa an ga ƙwaya, kunne kuwa yana jin an ga ciwo.

Darasin sanƙarau

Mutanen arewacin Kamaru sun daɗe suna fama da mai ɗauke da ƙwayar cuta ta hanyar sanƙarau, ko da ba su raɗa masa suna ba. Yankin yana cikin zirin ƙasashen da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya fara bayyanawa a 1963, wanda a yau ake lissafa shi tun daga Senegal har Habasha. Annobar takan tashi da rani, lokacin ƙurar hunturu da zafin bazara, ta lafa da saukar damina. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya kaɗai, fiye da 11,000 suka rasu. Abin da kan ɗaure wa iyaye kai shi ne yaro ya kamu alhali bai taɓa kusantar maras lafiya ba. Dalili kuwa, ƙwayar tana zama a can cikin maƙogwaron masu lafiya, tana bin tari da atishawa daga wannan zuwa wancan. 'Yan kaɗan ne ƙwarai take shiga jininsu ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa.

A Garwa akwai reshen Cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda hedkwatarta ke Yawunde. Ma'aikatan reshen sun riƙa gwada ruwan ƙashin baya da asibitocin yankin ke aiko musu. A kakar sanƙarau ta 2007 da ta 2008, duk ƙwayoyin sanƙarau da suka gano 'yan rukunin W135 ne, ba rukunin A da aka saba da shi ba. Wannan abu ne da ba a ganewa ta duban maras lafiya, sai an gwada. Duk da haka a wancan lokaci rukunin A shi ne mai haddasa manyan annoba a zirin, don haka a ƙarshen 2011 aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac a lardunan Arewa da Arewa Mai Nisa, daidai lokacin da maƙwabciya Cadi take yin tata. A wata karkara kusa da Njamena an shafi maƙogwaron mutum 4,278 kafin rigakafin, aka sami 32 ɗauke da rukunin A. Watanni kaɗan bayan rigakafin an gwada mutum 5,001, aka sami ɗaya tak. Tsofaffi ba a yi musu allurar ba, amma sun amfana, tunda jikokin da za su kawo musu ƙwayar gida sun daina ɗaukarta.

Sanƙarau ya fi kama yara da matasa. An kawo shi nan ne kawai don ya nuna yadda cuta take tafiya a jikin masu lafiya. Ƙwayoyin da ke damun tsoho a gadon asibiti wasu ne dabam.

Me ya sa tsofaffi?

Kamaru ƙasar yara ce. 'Yan shekara 65 zuwa sama kusan kashi 3 cikin 100 ne na jama'arta, a Jamus kuwa sun haura kashi 20. Shi ya sa shirye-shiryen lafiya suka fi karkata ga mai ciki da jariri, kuma babu laifi a hakan. Sai dai idan tsoho ya kwanta, abubuwa da yawa sukan taru a kansa lokaci guda. Garkuwar jikinsa ta yi rauni. Sau da yawa abin da ya kawo shi ciwon suga ne, ko shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, ko karayar ƙugu, ko toshewar fitsari, duk ciwukan da ba a sallamar mai su cikin kwana biyu. Ana sa masa allurar ƙarin ruwa a jijiya, ana sa masa robar fitsari, wani lokaci har da robar abinci ta hanci. Fata ita ce katangar jiki, kowace roba kuwa ƙofa ce da aka huda a jikin katangar. Idan ya daɗe kwance ba a juya shi, gyambon kwanciya ya fito masa a ɗuwawu ko diddige, an ƙara wata ƙofar ke nan.

Wani abin da ke ƙara wahalar da lamarin shi ne, jikin tsoho ba ya yin ƙara kamar na yaro. Cuta tana iya shiga jininsa ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Sai dai a ga ya daina cin abinci, ko yana yawan barci, ko ya ruɗe bai gane 'ya'yansa ba, dangi su ce gigin tsufa ne. Haɗarin ta fuska biyu yake: a ƙyale cuta ta gaske saboda ba ta nuna kanta ba, ko a ga ƙwayar da ke zaune lafiya a ɗora mata laifin da ba nata ba.

Alƙaluma sun nuna inda aka dosa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriya masu ƙin jin magani. Idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka kudu da Sahara ne ya fi ko'ina asara, wato mutum 27.3 cikin kowace 100,000, kuma a rabon da masu binciken suka yi, Kamaru tana cikin wannan yanki. A 2024 suka sake fitar da wani lissafin: tsakanin 1990 da 2021, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma ta ƙaru da fiye da kashi 80 cikin 100 a cikin 'yan shekara 70 zuwa sama.

Abin da ke cikin hanci

Ƙwayar da aka fi yin suna da nemanta a jikin masu lafiya ita ce Staphylococcus aureus, wadda za a taƙaita a nan da sunan sitaf. Wani likitan tiyata a Abadin ta Sikotlan, Alexander Ogston, shi ya gan ta a cikin mugunya a 1880. Ita ce mai kawo maruru da ƙuraje masu ruwa. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a bakin hanci, bai sani ba, ba ta kuma dame shi ba. Amma idan ta sami hanya ta shiga jini, tana iya kama ƙashi ko huhu ko zuciya. Wani bincike da aka yi a Jamus, aka buga a 2001, ya gano cewa a cikin marasa lafiyar da sitaf ta shiga jininsu, fiye da kashi 80 cikin 100 irin wadda ke hancinsu ce. Wato sau da yawa mutum yakan shigo asibiti da abin da zai kama shi.

Fenisilin ya yi maganinta na ɗan lokaci a shekarun 1940, sannan ta saba da shi. Aka fito da metisilin wajen 1960, amma a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton sitaf mai ƙin jinsa a Ingila. Ita ce ake kira MRSA.

Gwajin ba shi da wuya. Ana zura tsinke mai auduga a kowace ƙofar hanci, wani lokaci a shafi hammata ko matsematsi ko bakin gyambo, a shuka abin da aka samo a kan faranti mai abincin ƙwayoyi, a jira kwana ɗaya ko biyu. Idan an same ta, akwai abin yi: man mufirosin a hanci na kwana biyar, wanka da sabulun kulohezidin, da keɓe mai ita daga sauran marasa lafiya. Holand ta daɗe tana bin wannan hanya da tsanani, tana keɓe duk wanda bai daɗe da kwanciya a asibitin wata ƙasa ba har sai gwaji ya wanke shi, kuma MRSA ba ta yi yawa a can ba. Ingila ta wajabta gwada kusan duk wanda za a kwantar daga 2009 zuwa 2010, amma a 2014 ta ja da baya, ta ce a gwada masu haɗari kawai, domin kuɗin da ake kashewa ya fi amfanin da ake samu. A Amurka kuma wani gwaji da aka yi a asibitoci 43, aka buga a 2013, ya nuna cewa a ɗakunan kulawa ta musamman, yi wa kowa wankan da shafa man ba tare da an gwada shi ba ya fi gwaji da keɓewa rage shigar cuta cikin jini. Mai karatu ya lura: ƙasashe masu kuɗi ma ba su tsaya a kan cewa a gwada kowa ba.

Sitaf ta wannan yanki tana da nata hali. Masu binciken cibiyoyin Pasteur sun tattara ta daga birane biyar na Afirka, ciki har da Yawunde da Yamai, suka ba da rahoto a 2011 cewa fiye da rabin masu jin metisilin suna ɗauke da wani dafi mai suna PVL, wanda ba a cika samu a Turai ba, mai sa maruru ya yi zurfi ya yi ta dawowa. Saboda haka jin magani ba ya nufin sauƙin hali.

Hanji, da batun mai jinya

A arewacin Kamaru matsalar hanji ta fi ta hanci girma. Kowa yana da Escherichia coli a hanjinsa, da yawa kuma suna da 'yar uwarta Klebsiella. A hanji ba su da laifi. Idan suka hau mafitsara, ko suka shiga jini ko rauni, nan ne suke zama cuta. Wasunsu sun sami wani sinadari da ake kira ESBL, wanda yake farfasa fenisilin da danginsa kafin su yi aiki, har da seftiriyazon, allurar da ta zama kamar gishiri a asibitocin Afirka ta yamma da ta tsakiya. An fara ganin irin wannan sinadari a Jamus a 1983. Nau'insa da ya mamaye duniya, CTX-M-15, an fara bayyana shi daga Indiya a 2001. Abin tsoro game da shi shi ne, ƙwaya tana iya miƙa wa wata ƙwayar umarnin yin sa, ko da ba irinsu ɗaya ba, kamar yadda maƙwabciya take miƙa wa maƙwabciya wuta ta kan katanga.

An yi wani bincike a Ngaundere, babban birnin lardin Adamawa na Kamaru. A 2009 an gwada bayan gidan mutum 358, masu zuwa ganin likita su koma gida da kuma masu lafiya, aka sami kusan kashi 16 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayoyin ESBL, galibi nau'in CTX-M-15. Waɗannan ba 'yan kwanciya ba ne, mutanen gari ne. A 2010 aka faɗaɗa binciken a asibitin lardi da asibitin mishan na garin, aka haɗa da waɗanda ke kwance, da masu jinyarsu, da ma'aikatan asibiti, da mutanen gidajensu. Ba a jikin marasa lafiya kaɗai aka sami ƙwayoyin ba.

Saurin da asibiti yake cusa wa mutum irin waɗannan ƙwayoyi kuwa, Maraɗi ce ta nuna shi. A wata cibiyar kula da yara masu tamowa a can, an gwada yara 55 ranar da aka kwantar da su, aka sami kashi 31 cikin 100 sun zo da ESBL daga gida. Cikin yara 16 da suka shigo ba su da ita kuma aka sake gwada su lokacin sallama, 15 sun ɗauka. An buga wannan a 2011. Yara ne, ba tsofaffi ba, amma abin da ya haɗa yaro mai tamowa da tsoho guda ne: garkuwa mai rauni, doguwar kwanciya, antibayotik mai ƙarfi da ke share ƙwayoyin kirki na hanji ya bar fili ga masu taurin kai, da hannuwa da yawa masu taɓa jiki.

A nan ya kamata a tsaya a kan kalmar "jinya". A Hausa "majinyaci" yana iya zama wanda ke kwance, yana kuma iya zama wanda ke kula da shi, haka ma "mai jinya". Don gudun ruɗani, a wannan takarda "maras lafiya" shi ne na kan gado, "mai jinya" kuwa ɗan uwan da ke zaune da shi, wanda Faransancin asibiti ke kira "garde-malade". Harshen da bai raba su ba ya yi daidai da abin da ƙwayoyin suke yi, domin su ma ba su raba su. A Garwa, kamar a Kano da Maraɗi, mai jinya ne yake yi wa tsoho wanka, ya kai shi bayi ko ya zubar da fo, ya wanke zanen gado, ya dafa abinci, ya sayo magani. 'Ya ce ko suruka ko jika, kuma sukan yi karɓa-karɓa: wannan ta kwana, waccan ta wuni, kowace ta koma gida ta yi wa yara tuwo. Ga kuma masu dubiya, waɗanda al'ada da addini suka ɗora musu zuwa, kowa ya yi musafaha. Littattafan Turai da suka ce "a keɓe maras lafiya a ɗakinsa shi kaɗai" an rubuta su ne don asibitin da nas take yin duk waɗannan ayyuka da safar hannu. Wanda ya kori mai jinya a Garwa ya bar tsoho da yunwa.

Bambancin hanji da hanci shi ne, babu wani man shafawa ko ƙwayar magani da aka tabbatar tana share ESBL daga hanji. Mai ɗauke da ita yakan yi watanni da ita bayan sallama. Ba a ba shi magani, kuma bai kamata a ba shi ba. Amfanin sanin yana ɗauke da ita biyu ne kawai: a kula da hannu da bayi a kewayensa, sannan idan wata rana zazzaɓi ya kama shi, likita ya san cewa seftiriyazon mai yiwuwa ba zai yi aiki ba.

Fitsari: inda gwaji kan jawo ɓarna

Gwajin hanci da na bayan gida ba a cika yi wa tsofaffi a yankin ba. Wanda ake yi kullum shi ne na fitsari, wanda takardar asibiti ke rubutawa ECBU, kuma a nan ne aka fi rikita mai ɗauke da ƙwaya da wanda cuta ta kama.

Idan mutum ya tsufa, mafitsararsa ba ta zubar da fitsari duka. Ga namiji, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet, yakan kumbura ya matse hanya. Ga mace, sauyin jiki bayan ɗaukewar al'ada da yawan haihuwa sukan taimaka. Ragowar fitsarin sai ya zama tafki, ƙwayoyin hanji su zauna a ciki. A binciken da aka yi a Turai da Amurka, fiye da mace ɗaya cikin goma 'yan sama da shekara 70 suna da bakteriya a fitsari ba tare da wata alama ba. A gidajen kula da tsofaffi abin yakan kai kashi 25 zuwa 50 cikin 100. Wanda aka sa wa roba kuwa, kowace rana akwai yiwuwar kashi 3 zuwa 7 cikin 100 ƙwaya ta shiga, ta yadda bayan wata guda kusan kowa yana da ita.

Hankali zai ba mutum cewa tunda an gani, a kashe. An gwada hakan. A Winifeg ta Kanada, Lindsay Nicolle da abokan aikinta sun raba tsofaffi masu irin wannan hali gida biyu, maza a binciken 1983, mata a na 1987, aka ba wasu magani aka ƙyale wasu. Waɗanda aka ba maganin ba su fi sauran tsawon rai ko lafiya ba. Ƙwayoyin sun dawo bayan ɗan lokaci, wasu sun dawo da ƙin jin magani, ga kuma illar maganin kansa. Saboda haka ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta ce a 2005, ta kuma maimaita a 2019, kada a gwada fitsarin tsohon da ba shi da alamar ciwon mafitsara, kada kuma a ba shi magani don an ga ƙwaya. Mutum biyu aka ware: mace mai ciki, da wanda za a yi wa aikin da zai fasa hanyar fitsari. Wari ko duhun fitsari kaɗai ba alama ba ce. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, sau da yawa ƙarancin shan ruwa ne. Alamun da ake nema su ne zafi wajen fitsari, yawan fitsari da ya zo sabo, ciwon mara ko kwiɓi, da zazzaɓin da ba a ga wani dalilinsa ba.

Zafin garin yana ɓata gwajin ta wata hanyar kuma. Ƙa'ida ita ce a tari tsakiyar fitsari a kwalbar da asibiti ta bayar, a kai ɗakin gwaji cikin awa biyu, ko a sa a firji. E. coli tana iya ninka kanta cikin minti 20 idan ta sami ɗumi. Fitsarin da aka tara da asuba a kwalbar gida, aka ɗauko a babur, ya jira layi har azahar, zai nuna ƙwayoyi masu yawa ko da mai shi ba shi da komai. A ƙauyukan da ke kewayen madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, akwai kuma tsargiya, mai sa jini a fitsari, ita kuwa tsutsa ce ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa ta.

Irin wannan ruɗani ne yake tattare da gwajin Widal, wanda ya samo asali tun 1896 amma har yanzu ake dogara da shi wajen cewa mutum yana da taifod a Kamaru da Nijeriya. Widal ba ya ganin ƙwayar, sawun da ta bari a jini yake gani. Tsohon da ya shekara saba'in yana shan ruwan rijiya da na kogi, da wuya a rasa wannan sawu a jininsa. Ana nan ana ba shi maganin taifod mako biyu, abin da ke damunsa na gaske yana can yana ci. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

To, wa za a gwada?

Kayan aiki kaɗan ne. Wani bincike da hukumar Africa CDC da abokan aikinta suka fitar a 2022, wanda ya shafi ƙasashe 14 har da Kamaru da Nijeriya, ya nuna cewa cikin ɗakunan gwaje-gwaje kimanin 50,000, kashi 1.3 cikin 100 ne kawai suke shuka bakteriya. Garwa ta fi yawancin garuruwan yankin sa'a: ga reshen Pasteur, ga asibitin lardi da sabon babban asibiti, ga jami'ar da aka kafa a 2022 mai tsangayar koyon likitanci. Amma a Kamaru kimanin kashi biyu bisa uku na kuɗin lafiya daga aljihun iyali yake fitowa. Kowace takardar gwaji da likita ya rubuta, wani zai sayar da akuya ko buhun masara. Gwajin da sakamakonsa ba zai canza abin da za a yi wa tsoho ba, bai cancanci akuyar ba.

Idan aka bi wannan ma'auni, shafar hanci ta dace da wanda za a yi wa babbar tiyata, musamman ta ƙashi inda za a sa ƙarfe, da mai wankin ƙoda, da mai marurun da ke yawan dawowa. Gwajin bayan gida ya dace da wanda aka turo daga wani asibiti bayan doguwar kwanciya, da lokacin da aka ga cuta iri ɗaya tana bin gadaje a ɗaki guda. Kuɗin da aka tsimi daga ECBU maras dalili ya fi amfani a wurin shuka jinin tsohon da ya galabaita da gaske. Sharaɗinsa shi ne a ɗebi jinin kafin allurar farko, abin da ke da wuya, domin da yawa sukan iso asibiti bayan sun sha kafso daga kemis ko daga mai tallar magani a kasuwa. Sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, ya zo da jerin magunguna, kowane da harafi a gabansa: S ga wanda ƙwayar take ji, R ga wanda ta ƙi.

Sauran aikin ba na ɗakin gwaji ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, cikin marasa lafiya 100 da ke kwance, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sukan kamu da wata cuta a asibitin, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu yakan mutu. Hannu ne babbar hanyar. A asibitin Point G na Bamako an gwada haɗa ruwan goge hannu a cikin asibitin bisa tsarin hukumar, aka koyar da ma'aikata, tsabtace hannu a lokacin da ya dace ya tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22 cikin 100. Adadin bai kai abin alfahari ba, amma ya nuna daga inda aka taso. Sinadarin barasa da ke cikin ruwan ba na sha ba ne, asibitocin Saudiyya ma da shi suke aiki. Abin da ya rage shi ne a sa mai jinya cikin lissafi, a koya mata da Fillanci ko Hausa ranar da aka ba da gado: sabulu bayan fo da kafin abinci, jakar fitsari ta zauna ƙasa da mafitsara kada ta taɓa ƙasa, a juya tsoho kowace awa biyu, kuma kowace safiya a tambayi nas ko robar nan har yanzu ana buƙatarta.

Maras lafiya a Kamaru yakan riƙe ɗan littafinsa na asibiti, wanda ake kira "carnet", ya tafi da shi gida. Idan an sami MRSA ko ESBL a jikin tsoho, a nan ya kamata a rubuta, da kwanan wata, da wurin da aka samo ta, a kuma fayyace ko ɗauke da ita yake ko kama shi ta yi. Mutanen yankin suna neman magani a Marwa da Ngaundere, wasu har Yola da Mubi. Likitan da zai karɓi tsohon bayan wata uku yana rawar ɗari, idan ya ga wannan layi, zai ɗebi jini tukuna, kuma ba zai ɓata kwana uku a kan seftiriyazon ba.